Husufin Wata da Husufin Rana: Wanne Ne Abin Tsoro?



Gabatarwa

Da wuya a sami wani a cikin wannan zaure wanda bai taɓa farkawa cikin dare ba, tun yana yaro, ya ji gari ya ruɗe da kaɗe-kaɗen gwangwani da ƙwarya, ana cewa rana ta kama wata. Yara su bi unguwa-unguwa suna roƙon rana ta sake shi, tsofaffi su fito ƙofar gida suna salati, malamai kuma su nufi masallaci. Wasu kan ce wata ne ya yi zazzaɓi, wasu su ce hanya ya ɓace ya faɗa ta rana. Wannan al'ada ba ta yau ba ce, ba kuma ta Hausawa kaɗai ba ce. A daren 2 ga Satumba 1830, wasu Turawan Ingila 'yan uwan juna, Richard da John Lander, suna baƙunci a garin Bussa da ke bakin Kogin Kwara, aka yi husufin wata, suka ga mutanen gari sun fito da ganguna da ƙahonni suna kururuwa domin su raba rana da wata.

Abin da nake so in bayyana a yau shi ne, husufi ba kome ba ne illa inuwa, kuma inuwa ce wadda ake iya lissafa ranar zuwanta da sa'arta tun shekaru masu yawa kafin ta zo. Idan muka fahimci haka za mu ga cewa mun ajiye tsoronmu a inda bai dace ba. Husufin wata, wanda muke firgita da shi, ba ya cutar da kowa. Husufin rana kuwa, wanda muke ɗaga kai mu zuba masa ido ba tare da shakka ba, yana iya raba mutum da ƙarfin ganinsa har iyakar rayuwarsa.

Girma da Nisa

Kafin mu kai ga inuwa, wajibi ne mu san abubuwa ukun da ke haddasa ta. Rana ita ce mai haske na kanta. Faɗinta ya kai kimanin kilomita 1,392,000, nisanta daga gare mu kuwa wajen kilomita miliyan 150 ne, har haskenta yakan yi minti 8 da daƙiƙa 20 a hanya kafin ya iso. Duniyarmu faɗinta kilomita 12,742 ne. Shi kuwa wata faɗinsa kilomita 3,474 ne, matsakaicin nisansa kuma kilomita 384,400. Ba shi da haske na kansa, na rana yake ara ya maido mana, kamar yadda farin bango ke maido hasken fitila.

Waɗannan lambobi suna da nauyi a kunne, saboda haka bari mu rage su. A ƙaddara duniya lemo ce, mai faɗin santimita 8. To, wata zai zama kamar ɗan magarya, a ajiye shi nisan mita 2 da rabi daga lemon. Rana kuwa za ta zama wata ƙatuwar dunƙulalliyar wuta mai tsawon bene hawa uku, can nesa da kusan kilomita guda. Duk sauran abin da ke tsakaninsu fili ne fetal. Wanda ya riƙe wannan misali a zuciyarsa zai ga cewa rana ba ta taɓa kusantar wata ba, balle ta kama shi.

Akwai wani abin mamaki a cikin wannan awo. Rana ta fi wata faɗi kamar sau 400, amma kuma ta fi shi nisa daga gare mu kamar sau 400. Shi ya sa in muka dube su daga ƙasa sai mu ga girmansu kusan ɗaya, har ɗan ƙaramin wata ya iya rufe fuskar rana ruf, kamar yadda mutum kan rufe dutsen Dala da babban yatsansa in ya tsaya daga nesa.

Yadda Husufi Ke Aukuwa

Duniya tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, wata kuma yana kewaya duniya. Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 ne da rabi da 'yan mintoci, wanda ya sa watanninmu na Musulunci kan yi kwana 29 ko 30. A cikin wannan kewaye sau biyu wata kan zo kusa da yin sahu ɗaya da rana da duniya.

Na farko shi ne a tsakiyar wata, daren 14 ko kusa da shi, lokacin da duniya ke tsakanin rana da wata. Kowane abu da haske ya buga yana da inuwa a bayansa, duniya ma haka. In wata ya ratsa ta cikin inuwar duniya, sai hasken da yake ara ya yanke, shi ne husufin wata. Duk wanda dare ya yi a wurinsa, wata kuma yana sama, zai gan shi, watau kusan rabin duniya a lokaci ɗaya. Yakan kuma daɗe. A daren 27 ga Yuli 2018, tsakiyar watan Zulƙida, wata ya yi sa'a 1 da minti 43 a cikin inuwar baki ɗayansa, an kuwa gan shi a ƙasashenmu.

Jan da wata kan yi a wannan lokaci, wanda ya fi kome tsorata jama'a, shi ma yana da dalili. Iskar da ta lulluɓe duniya tana watsa shuɗin da ke cikin hasken rana, ta bar jan ya wuce, ta kuma lanƙwasa shi ya faɗa cikin inuwar. Dalilin da ke sa gabas ta yi ja da asuba, yamma ta yi ja da almuru, shi ne dai ke rina wata. Ba jini ba ne, ba zazzaɓi ba ne. Har ila yau, wanda ya lura zai ga gefen inuwar a kan wata kullum a lanƙwashe yake kamar bakin faifai. Da wannan ne Aristo, masanin nan na Yunan, ya kafa hujja fiye da shekara 2,300 da suka wuce cewa duniya dunƙulalliya ce.

Na biyu shi ne a ƙarshen wata, ranar 28 ko 29, lokacin da wata ke tsakanin rana da duniya. A nan inuwar wata ce ke faɗowa a kanmu, shi ne husufin rana. Da yake wata ƙarami ne, bakin inuwarsa siriri ne, faɗinsa a ƙasa ba safai yakan kai kilomita 270 ba, gudunsa kuma ya zarce kilomita 1,600 a sa'a. Waɗanda ke kan hanyar da inuwar ta bi su kaɗai ke ganin cikakken husufi, ba ya kuma wuce minti 7 da rabi. Na gefe sai dai su ga rana ta gutsure. A ranar 29 ga Maris 2006, ƙarshen watan Safar, irin wannan inuwa ta shigo ta Gana, ta ratsa Togo da Binin, ta bi ta kan Gusau da Katsina da hantsi, inda duhu ya rufe gari kusan minti 4, sannan ta haura Nijar da Chadi da Libiya. Mutanen Kano da Zariya kuwa, da yake suna gefen hanya, ba su ga rana ta rufe ɗungum ba.

Akwai kuma nau'i na uku. Hanyar da wata ke bi ba da'ira ce sosai ba, wani lokaci yakan matso kusa, wani lokaci ya yi nisa fiye da kilomita 400,000. In husufi ya same shi yana nesa sai ya kasa rufe rana duka, a ga gefenta ya rage kamar zobe. Al-Battani, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ta ƙasar Sham ya rasu a 929, yana cikin waɗanda suka nuna cewa irin wannan husufi mai yiwuwa ne.

Me Ya Sa Ba A Yinsa Kowane Wata?

Mai tunani zai ce, in haka ne ai ya kamata a yi husufi sau biyu a kowane wata. Amsa ita ce, hanyar wata ba a shimfiɗe take daidai da hanyar duniya ba, ta karkace da kimanin digiri 5. Mu koma ga lemonmu da ɗan magaryarmu: wannan karkata ta isa ta ɗaga ɗan magaryar sama, ko ta sauke shi ƙasa, da kusan santimita 20, watau fiye da faɗin lemon sau biyu. Saboda haka a yawancin watanni inuwa takan wuce ta sama ko ta ƙasa, ba ta sami kowa ba.

Hanyoyin nan biyu suna gittawa a wurare biyu kawai, kamar mararraba. Sai in tsakiyar wata ko ƙarshensa ya dace da lokacin da wata ke kusa da mararrabar sannan a yi husufi. Wannan dacewa tana zuwa bayan kowane kwana 173, watau wata shida ba kaɗan. Shi ya sa a kowace shekara ake samun husufi aƙalla 4, in ya yi yawa 7, in an haɗa na rana da na wata, manya da ƙanana. Husufi dai ba baƙon abu ba ne a duniya, a garinku ne yake baƙo, domin wuri guda yakan yi wajen shekara 375, bisa matsakaicin lissafi, kafin cikakken husufin rana ya sake bi ta kansa.

Lissafin Husufi

Tun kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Babila da ke ƙasar Iraƙi ta yanzu sun lura, daga rubuce-rubucen da suka tara na ɗaruruwan shekaru, cewa kowane husufi yana da ɗan uwa mai kama da shi da zai zo bayan wata 223, watau shekara 18 da kwana 10 ko 11 da sa'a 8. Waɗannan sa'o'i 8 su ke sa wurin ya gusa, domin a cikinsu duniya ta ƙara juya sulusin juyinta, sai husufin ya faɗa can yamma da wurin farko. Bayan zagaye uku, shekara 54 ke nan da kusan wata guda, sai ya komo sashen da ya fara.

Ga misali da ya shafe mu. A ranar 29 ga Mayu 1919 an yi cikakken husufin rana a tsibirin Firinsife da ke tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya. A can ne Arthur Eddington ya ɗauki hoton taurarin da suka bayyana kusa da rana, ya nuna cewa haskensu yana ɗan lanƙwasa in ya gifta ta, kamar yadda Albert Einstein ya lissafa. Bayan zagaye uku, ranar 30 ga Yuni 1973, husufin ya komo Afirka, ya ratsa Muritaniya da Mali da arewacin Nijar da Chadi, ya yi fiye da minti 7 a Hamada. A ranar ne masana suka shiga jirgin Concorde suka bi inuwar a guje, suka zauna cikinta minti 74, sannan suka sauka a babban birnin Chadi. Daga nan ya faɗa Meziko ranar 11 ga Yuli 1991, sai Indiya da Sin ranar 22 ga Yuli 2009. Lissafi ya nuna na gaba shi ne na 2 ga Agusta 2027, ta kan Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar, har Jidda da Makka. Sai a duba ranakun nan a jere, a ga yadda suke tafiya ba kuskure. Haka kuma an riga an san cewa ranar 20 ga Maris 2034 wani cikakken husufin, na wani jeri dabam, zai shigo ta Legas ya ratsa Nijeriya zuwa Kamaru da Chadi.

Kada a ɗauka wannan ilmi baƙo ne gare mu. Ibn Yunus, wanda ya rasu a Alƙahira a 1009, ya rubuta lokutan husufi da ƙwarewar da ta sa har yanzu masana falaki ke amfani da awonsa. A shekarar 997 Al-Biruni yana Khuwarizm, Abul Wafa yana Bagadaza, suka shirya kowa ya auna sa'ar da husufin wata guda ya auku a garinsu, bambancin da suka samu, kimanin sa'a guda, ya nuna musu tazarar garuruwan biyu daga gabas zuwa yamma. A nan gida ma, da Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824 ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, ya tarar Sarkin ya san burujai da taurari da yawa da sunayensu na Larabci.

Haka nan addini bai bar mu cikin duhu ba. Ya tabbata a hadisi cewa an yi husufin rana a Madina ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (S.A.W.), ya rasu, mutane suka danganta abin da rasuwar. Sai ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, ya kuma umurce su da salla da addu'a. Sanin lokacin husufi bai hana salla ba, kamar yadda sanin lokacin faɗuwar rana bai hana sallar magariba ba.

Ido da Hasken Rana

Yanzu sai mu sauko daga sama mu dubi jikinmu, domin a nan haɗarin yake. Haske yana shiga ido ta wata 'yar ƙofa da ke tsakiyar baƙin ido, wadda kan tsuke in haske ya yi yawa, ta buɗe in ya ragu. A bayanta akwai wani abu garai-garai mai tattara haske wuri ɗaya, aikinsa irin na gilashin nan da yara kan ƙona takarda da shi a rana. Hasken da ya tattara yana sauka a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe a can ƙuryar ido, mai ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin gani, daga nan jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. A tsakiyar tantanin akwai ɗan wuri ƙanƙane wanda da shi muke karatu, da shi muke gane fuskar mutum, da shi tela ke zura zare a allura. Duk abin da muka ƙura wa ido a nan hotonsa ke faɗawa.

A ranar da ba husufi, mutum ba ya iya duban rana, ido da kansa zai ƙifta, kai ya kauce. Amma in wata ya rufe yawancinta sai ƙyallin ya ragu, mutum ya ji zai iya jurewa, alhali kuwa ɗan gefen da ya rage zafin haskensa bai ragu da kome ba. Abin da ya ƙara muni shi ne, tantanin nan ba shi da jijiyar jin zafi. Yana lalacewa mai shi bai sani ba. Sai bayan sa'o'i, ko washegari, ya ga wani tabo a tsakiyar duk abin da ya duba, layukan rubutu su karkace masa. Wasu sukan sami sauƙi bayan watanni, wasu kuwa tabon ya zauna ke nan, kuma tabarau ba ya gyara shi. Yara da samari sun fi shiga wannan haɗari, domin idonsu ya fi tsabta, haske ya fi ratsa shi.

Baƙin tabarau na kwalliya ba ya kare ido, haka gilashin da aka shafa wa baƙin fitila, haka kallon rana cikin ruwa a ƙwarya ko a madubi. Abin da ke karewa shi ne tabaran da aka yi musamman domin husufi, ko gilashin masu walda mai lamba 14. Hanya mafi sauƙi kuwa ba ta bukatar ko kwabo: a huda kwali da allura, a ba rana baya, a bar haske ya bi ta hudar ya sauka a kan farar takarda, nan za a ga surar rana tana gutsurewa. Ko kuma a dubi ƙasa a gindin darbejiya, za a ga ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye duk sun koma kamar jinjirin wata. Ibn Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya yi rubutu na musamman a kan wannan dabara. Husufin wata kuwa, a kalle shi da ido tun farko har ƙarshe, ba abin da zai sami kowa.

Hasarar Rashin Sani

Rashin sanin husufi ba ido kaɗai yake ci ba. A shekarar 1503 jiragen Kolumbus suka lalace a tsibirin Jamaika, mutanen wurin suka gaji da halin yaransa suka daina kawo musu abinci. Da ya duba littafin lissafin taurari ya ga za a yi husufin wata a daren 29 ga Fabrairu 1504, sai ya kira shugabanninsu ya ce Ubangijinsa ya yi fushi da su, zai ɗauke musu wata. Da abin ya auku suka dawo da abinci suna kuka. Bai fi su ƙarfi ba a ranar nan, kalanda kawai ya fi su.

Na kusa da mu ya fi wannan ciwo. A daren 9 ga Janairu 2001 aka yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka ɗauka zunubin wasu mutanen gari ne ya jawo shi, suka fita suka ƙona otal-otal da wuraren sana'ar mutane. Amma husufin nan an gan shi a daren nan a Makka da Alƙahira da Landan, an kuma buga ranarsa da sa'arsa a littattafai shekaru da yawa kafin a haifi waɗanda suka ɗauki ashana.

Kammalawa

Shugaba, jama'a, abin da na kawo a taƙaice shi ne, husufi inuwa ce, na wata inuwar duniya, na rana inuwar wata, kuma dukansu suna tafiya bisa ƙa'idar da Mahalicci Ya ɗora su a kai, wadda ɗan Adam ya iya ganowa da haƙuri da lissafi. Wanda ya san haka ba zai rasa abin mamaki ba, sai ma mamakinsa ya ƙaru.

Saura aiki, aikin kuwa naku ne. Da yawa a cikinku malaman makaranta ne, ko jami'an lafiya, ko na watsa labarai, ko kuwa nan gaba kaɗan za ku zama. Ranakun husufi sanannu ne, ba sai an yi duba ba. In lokaci ya matso, a sanar a rediyo da Hausa tun da sauran mako guda, a kai wa hakimai da limamai labari, a gaya musu ranar da sa'ar. Malamin firamare ya huda kwali ya fita fili da yaransa, ya tsaya a kansu kada wani ya ɗaga kai. Mutumin da aka gaya wa tun ranar Litinin cewa wata zai yi ja daren Alhamis da ƙarfe tara, in ya ga abin ya auku yadda aka faɗa, ba zai nemi wanda zai ɗora wa laifi ba. Zai yi alwala ya tafi masallaci, ya dawo ya zauna da 'ya'yansa a tsakar gida su kalli ikon Allah.